Ƙwayoyi a Gwangwanin Madara

Ƙara ce 'yar ƙarama, irin wadda kowace mace take ji a ɗakin girkinta, ƙarar wani abu yana kaɗawa a cikin gwangwani. Har gobe in na ɗauki gwangwanin da nake tara maɓallai ya yi wannan ƙarar, wata Alhamis ce take dawo mini, ranar da ban taɓa iya mantawa da ita ba. Sadiya 'yata ce ta matsa mini in rubuta labarin a jere, saboda ita da ku ƙawayenta da za ku fara koyon aiki a asibiti, tunda kullum gutsure-gutsure nake ba ku ina tsinkar zogale. To ga shi.

Kafin in zauna a gida gaba ɗaya, na yi shekara bakwai ina aiki a wani asibiti a wajen Karu, ɗakin maza na waɗanda aka yi wa tiyata. Lokacin ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba. Abuja na ta cika, ko'ina gini, wayar hannu ta fara shiga hannun direbobi da 'yan kasuwa. Ɗakinmu ma cika yake yi, gadon da aka sallami mai shi da safe kafin azahar an sa wani.

Ni ba nas ba ce, kada ku ɗauka. Da takardar sakandare na shiga, aikina atanda, wato mai hidimar ɗaki. A samanmu akwai nas-nas, a samansu Sista mai kula da ɗaki, sai Matiron da ke kan duk Sistoci, likita kuma shi ke rubuta magani. Mu namu gyaran gado, kwashe tasa, goge akwatin gefen gado, da riƙe majiyyaci in zai taka. Ba ma ba da magani, ba ma taɓa shi. Abu ɗaya aka ɗora mana game da shi: duk abin da ka gani, ka faɗa wa Sista. Wannan ɗayan ne na kasa yi.

Malam Isiya direban babbar mota ne, mutumin Zariya, yana ɗauko lemo da abarba zuwa kasuwar Zuba. Ƙaba gare shi tun da daɗewa yana ɗaure ta da ƙyalle, ranar wata Lahadi hanji ya maƙale a ciki, aka kawo shi yana amai, aka shiga da shi tiyata nan take. Yankan ya yi tsawo. Kwana uku ba ci ba sha, sai ƙarin ruwa da allurai. Ranar Laraba likita ya ce a cire ruwa, a ba shi koko, a koma ƙwayoyi.

Mutum ne shiru-shiru, carbi a hannu kullum. Matarsa Rabi ce ke jinyarsa, tana zuwa da 'yarsu Ummi, mai shekara shida, wadda masu gadi suka gaji da kora suka ƙyale. Abin da na fara lura da shi, duk sanda aka turo keken wankin ciwo warin sifirit ya tashi, sai ya juya fuska bango ya ja bargo har hanci. Na ɗauka tsoron almakashi ne. Maza da yawa haka suke, a waje zakuna, a ga auduga sai salati.

Makon nan aikin rana nake, daga ƙarfe biyu zuwa takwas. Ranar Alhamis ina goge akwatunan gefen gado kafin 'yan dubiya su shigo, na ɗaga wani tsohon gwangwanin madara a nasa, mai murfin roba. Na san na Ummi ne, da shi take wasan girki a ƙarƙashin gado. Sai ya yi ƙara. Na ɗauka tsakuwa ce, na buɗe zan zubar, sai ga ƙwayoyi, farare da masu launi biyu, wasu sun ɗan jiƙe da gumin hannu.

Na ɗago muka haɗa ido. Ya ce in rufa masa asiri don Allah, in matso kusa. Na ja labule kamar zan gyara masa zanin gado, ya yi mini bayani ƙasa-ƙasa.

Ya ce ya yi shekara goma sha ɗaya yana shan giya. A hanya ya koya, a wuraren da direbobi ke kwana. Ta kai shi har surukinsa, Alhaji Mamman, mai shagon atamfa a Karu, ya zo ya tafi da Rabi da 'yarta. Da taimakon limamin tasharsu ya daina, ya sha wuya sosai kafin jikinsa ya haƙura, yanzu shekara biyu da rabi ko ɗigo bai taɓa ba. Alhaji ya mayar masa da iyalinsa bisa sharaɗi ɗaya: ranar da ya sake jin sunansa tare da giya, an gama.

Na ce to me ya haɗa wannan da magani? Abin da ya ce shi ne har yau nake ji a kunnena.

"Malama, allurar da aka yi mini bayan aiki, na ji daɗinta. Irin daɗin nan ne sak. Na farka ina jiran a sake yi mini. Wallahi gara ciwon."

Da aka koma ƙwayoyi, ta farko da ya haɗiya ta ɗan ɗauke masa kai, sai tsoro ya kama shi. Bai san wacce ce a ciki ba, sai ya daina shan duka. Nas takan zuba masa a hannu ta wuce gado na gaba, don mutane sun yi yawa, shi kuma ya kai hannu baki, ya kurɓi ruwa, ya sauke hannun ƙarƙashin bargo.

Na tambaye shi ko likita ya san tarihinsa. Ya ce babu wanda ya tambaye shi. Daga baya na ga takardarsa. Akwai gurbin da ake cikewa ko mutum na shan giya ko taba, wanda ya karɓe shi ya ga gemu da hula da carbi, ga kuma Alhaji tsaye a kansa, sai ya rubuta babu, ya wuce.

Ku ji kuskurena. Ban ga majiyyaci da ya daina shan magani ba, na ga bawan Allah yana gudun haram har yana zaɓar azaba a kanta. Raina ya yi masa sha'awa. Na tuna yadda aka tarbiyyantar da mu a kan rufin asirin ɗan'uwa, na kuma dubi Ummi da ke zaune a ƙasa tana jera murafen kwalba. Na ce masa ya ci gaba da addu'a, Allah zai kawo sauƙi. Na rufe gwangwanin na mayar inda yake. Ban tsaya na yi tunanin cewa a cikin ƙwayoyin nan akwai waɗanda ba na ciwo ba ne, na hana miki ruɓewa ne. Na koma gida ina ganin na yi aikin lada.

Washegari Juma'a da na shigo, mutumin ya canja. Leɓensa ya bushe, goshinsa na naso, numfashi sama-sama don ba ya iya jan iska sosai, tari kuma ya taru a ƙirji yana jin tsoron yin sa. Ka'ida ce wanda aka yi wa aikin ciki a tashe shi ya taka, ko daga gado zuwa ƙofa, don kada majina ta kwanta a huhu, kada kuma jini ya daskare a ƙafa. Na kama shi zai tashi, ya kai rabi ya koma yana cije leɓe. Sista Ladi, wadda ke kula da ɗakinmu, Bagwariya ce mai kaifin ido, ta auna zafin jikinsa ta dubi takarda ta ce abin ya ɗaure mata kai, mutum yana kan magani irin wannan bai kamata ya yi haka ba. Ina tsaye riƙe da tasa, na yi shiru. Rabi ma ba ta san komai ba, sai fifita take masa tana cewa jiya ma bai runtsa ba.

Bayan la'asar aka buɗe wa 'yan dubiya. Alhaji Mamman ya shigo da babbar rigarsa ta Juma'a, dattijo mai tsabta, ya tsaya can wajen ƙafar gado. Kun san tsakanin suruki da suruki, gaisuwa ce a taƙaice, ido a ƙasa. Da Rabi yake magana, ita take isarwa, ko da yake duk suna jin juna. Ya ce ya ga yaron nan na shan wahala, maganin asibiti bai karɓe shi ba. Ya zaro wata robar ruwa daga aljihu, cike da jiƙo ja-ja, saiwoyi na yawo a ciki. Ya ce maƙwabcinsa a kasuwa ne ya yaba masa, a tasha ake sayarwa, yana kashe kowane irin ciwon jiki. Murfi ɗaya safe da yamma.

Rabi ta buɗe ta miƙa wa mijinta robar, ta juya tana neman kofi. Ina gado na gaba ina canja rigar matashi, warin ya iso ni. Ɗacin saiwa ne a sama, amma ni da nake wuni cikin warin sifirit na san abin da ke ƙasa. Irin jiƙon nan a giya ake jiƙa shi. Alhaji bai sani ba, a rayuwarsa bai taɓa kusantar abin ba, magani ya saya wa mijin 'yarsa.

Malam Isiya ya sani. Na ga hancinsa ya buɗe. Bai kai baki ba, bai kuma ajiye ba. In ya ƙi, ya ƙi kyautar surukinsa, kuma sai ya faɗi yadda aka yi ya gane warin. In ya sha, ga ciwon kwana biyu da yake neman abin da zai kashe shi.

Akwai dokar da ta hana shigo da maganin gargajiya ɗaki, mu atanda mu ke karɓewa, yawanci da faɗa. Ban taɓa jin daɗin wannan doka ba sai ranar. Na matsa na rusuna na gaida Alhaji, na ce ya yi haƙuri Baba, dokar asibiti ce, in Sista ta gani ni za a kora. Na sa hannu zan karɓa. Yatsun Malam Isiya ba su saki nan take ba, sai da na ɗan ja. Alhaji ya ba ni haƙuri, ya ce bai san doka ba ce, kada a taɓa mini abincina saboda shi.

Da aka kaɗa ƙararrawar fitar 'yan dubiya, Rabi ta raka mahaifinta, na koma wajensa. Hawaye ne ke bin gefen idonsa zuwa kunne. Ya ce da na ƙara jinkiri kaɗan da ya sha, kuma ba murfi ɗaya ba.

Na ce, "Malam, zan faɗa wa Sista. Jiya na yi maka alkawarin da bai kamata in yi ba."

Ya ce in ji tsoron Allah, ɗakin nan kowa na jin kowa, kafin gobe maganar ta kai Karu. Na ce ba a ɗaki zan faɗa ba. Sai ya juya bango. Na ɗauki gwangwanin da robar na sa a ƙarƙashin tawul na nufi ofis.

Sista Ladi ta juye ƙwayoyin a faranti, ta ba ni gwangwanin in mayar wa Ummi, ta ware su da bakin biro. Ta nuna mini masu launi biyun ta ce waɗannan su ke tsare hanjin da aka ɗinke. Ta tambaye ni yaushe na gani, na ce jiya. Ta dube ni ta ce:

"Maman Sadiya, da cikin nan ya ruɓe, wa za ki kai wa rufin asirin? Matar, ko yarinyar?"

Ta aika a kira likitan da ke bakin aiki, ta ce a turo Malam Isiya a keke zuwa ɗakin wankin ciwo, kamar za a duba ɗinki. Can akwai ƙofa. Likitan ba Bahaushe ba ne, Hausarsa ta kasuwa ce, sai aka ce in tsaya in yi tafinta, tunda dama na riga na sani.

Na zaci zai yi faɗa, ko ya ce tunda haka ne a hana shi maganin ciwo gaba ɗaya. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ja kujera ya zauna, ya tambayi shekara nawa ya yi yana sha, yaushe ya daina, ko ya taɓa yin amai da jini, ko idonsa ya taɓa yin rawaya, da yadda ya ji bayan allurar. Ya ce masa, "Oga, ka yi ƙoƙari, shekara biyu ba wasa ba." Sannan ya ce in gaya masa da kyau: wanda ya daina giya ba a barinsa da ciwo, domin ciwon da aka bari shi ya fi saurin mayar da mutum ga kwalba, ga shi yau sun gani. Abin da ake yi shi ne a san tarihinsa, a tsara masa nasa daban.

Ga yadda aka tsara. Aka ɗebi jini a duba hantarsa kafin a tsayar da yawan maganin da za ta iya ɗauka, don giya hanta take fara ci. Maganin miki aka mayar da shi ta allura, saboda kwanakin da ya tsallake. Maganin ciwo marar sa maye aka ce a riƙa ba shi a kan lokaci, kada a jira sai ciwo ya tashi. Mai ƙarfin kuwa, wanda ya tsorata shi, likita ya ɗora masa a tafin hannu ya ce ga ta, wannan ce, ka san ta. Ya rage ta, ya ce ta 'yan kwanaki ce, sai za a tashe shi ya taka ko za a wanke ciwo, nas ta ba shi ta tsaya har ya haɗiye. In ya ji ransa ya fara jiranta kafin ciwo ya nema, ya faɗa, ba laifi ba ne, sai a canja. Malam Isiya ya tambaya ko shan ta ya karya masa tubansa. Likita ya ce shi ba malami ba ne, amma a wajensa magani ne da aka auna aka ba shi don rauni, ya kira limaminsa ya ji. Sista ta ara masa wayarta, liman ma haka ya ce masa, ya kuma yi alkawarin zuwa.

Sista ta ƙara nata. Ta ce daga yau da aidin za a riƙa wanke masa ciwo, a bar sifirit, don warinsa na tuna masa giya. Ta naɗe matashi ta koya masa ya danne ciki da shi in zai yi tari. Shi da kansa ya ce a kira Rabi a gaya mata. Ta saurara har ƙarshe, ta ce masa, "Ni da na ga wancan zamanin, wannan ne za ka ɓoye mini?"

Ranar Lahadi zazzaɓi ya sauka, ya taka har baranda yana riƙe da kafaɗata. Alhaji ya zo ya tambayi Sista ko za a mayar masa da robarsa ya kai gida, don shi ma gwiwa na damunsa. Ta gaya masa kai tsaye abin da ake jiƙa saiwoyin a ciki, ba ta ambaci kowa ba. Dattijon ya yi salati, ya je famfo ya daɗe yana wanke hannu. Da ya dawo bai tsaya a ƙafar gado ba, ya zauna a kujerar da ke kusa da kan surukinsa. Na ji ya ce, ba ta bakin Rabi ba, "Ni da hannuna, Isiya. Kuma ba ka sha ba."

Ni kuma ranar Litinin Matiron ta kira ni. Sista ta rubuta abin da ya faru a littafin rahoto, da sunana, kamar yadda ka'ida ta ce. Aka ba ni takardar gargaɗi, ita kaɗai na taɓa samu a shekara bakwai, kuma na cancance ta. Daga makon nan Sista ta kafa wa ɗakinmu abu biyu: nas ba ta barin gado sai ta ga an haɗiye, tambayar giya kuma ana yi wa kowa, ko da rawani ya zo, a keɓe, ba a gaban dangi ba.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Za ku haɗu da masu irin wannan tarihin fiye da yadda kuke zato, kuma ba za ku gane su a fuska ba. Kunya ce za ta hana su faɗa, sai kun tambaya a inda babu kunne na uku. In sun faɗa muku, kada ku kai shi bakin ɗaki, kada kuma ku haɗiye shi kamar yadda na yi. Ku kai shi ga wanda zai iya yin wani abu a kai, ku rufe ƙofa. Na daɗe ina ganin tausayi ne ya sa na yi shiru ranar Alhamis. Da na natsu na ga har da jin daɗin cewa ni aka amince wa.

Da za a sallame shi, ƙwayar mai ƙarfi kaɗan aka ba da, aka damƙa wa Rabi a gabansa da yardarsa. Ta ƙulle a bakin zaninta. Aka ce in ta rage a dawo da ita, kada ta zauna a gida.

Bayan mako biyu suka zo a duba ɗinki. Ina shanya zannuwan gado a bayan ɗaki, sai na ji wannan ƙarar a bayana. Ummi ce, ta riƙo gwangwanin da hannu biyu, uwarta na can bakin baranda tana kallonmu. Na durƙusa na tambaye ta jikin Baba.

Ta ce, "Yanzu yana dariya, amma sai ya riƙe cikinsa tukuna. Anti, ya ce ga sauran maganinku, ya ishe shi. Ki juye ki ba ni gwangwanina, da shi nake girki."